Ƙauyen Lataw: teku ne ya hau, ko ƙasa ce ta sauka?

A watan Disambar 2005, ana tsakiyar taron sauyin yanayi a birnin Montreal na Kanada, hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da sanarwa a kan wani ɗan ƙaramin ƙauye da yawancin mahalarta taron ba su taɓa jin sunansa ba. Sunan ƙauyen Lataw, wasu suna rubuta shi Lateu. Yana tsibirin Tegua, ɗaya daga cikin tsibiran Torres da ke can ƙuryar arewacin ƙasar Vanuatu, a kudu maso yammacin tekun Fasifik. Tsakanin 2002 da 2004 mutanen ƙauyen sun kwashe gidajensu daga bakin ruwa sun koma wani wuri, saboda teku ya matsa musu lamba. Sanarwar ta ce mai yiwuwa su ne mutanen farko a duniya da sauyin yanayi ya mayar 'yan gudun hijira. Kafafen labarai suka ɗauka, sunan kuwa ya manne wa ƙauyen.

Wahalar da mutanen suka sha gaskiya ce, babu ƙari a ciki. Duk lokacin da teku ya yi babbar cika, ruwa yakan shigo har tsakar gida, ya ja baya ya bar kududdufai. Sauro ya samu wurin hayayyafa, zazzaɓin cizon sauro da cututtukan fata suka addabi yara, gidaje suna ruɓewa daga ƙasa. A tsibirin Loh da ke maƙwabtaka da su, gonar kwakwa ce ruwan gishiri ya mamaye, itatuwan suka mutu a tsaye, kututturansu a cikin ruwa. Ga mutanen da busasshiyar kwakwa ke cikin 'yan abubuwan da suke sayarwa su ga kuɗi, wannan ba ƙaramar asara ba ce. An taimaka musu wajen ƙaura da kuɗin gwamnatin Kanada, ta hannun hukumar muhalli ta yankin Fasifik mai suna SPREP, aka kafa musu tankunan tara ruwan sama a sabon mazauninsu.

Abin da ba a tsaya aka auna ba a lokacin shi ne dalilin shigowar ruwan. Wannan aikin sai a 2011 aka ga sakamakonsa, lokacin da wata masaniyar Faransa, Valérie Ballu, da abokan aikinta suka wallafa bincikensu a mujallar PNAS ta Amurka.

Matsalar da ke gaban mai aunawa

Wanda ke tsaye a bakin teku abu ɗaya kawai idonsa ke iya gani: tazarar da ke tsakanin ruwa da ƙasar da yake takawa. Idan tazarar ta ragu, ko dai ruwa ya hau, ko ƙasa ta sauka, ko duka biyun sun faru, kuma ido ba ya iya bambancewa. Na'urar da aka daɗe ana auna teku da ita ma haka take. Ma'aunin gaɓa ana ɗaure shi ne a jikin ginin tashar jiragen ruwa, yana rubuta hawa da saukar ruwa dare da rana, wasu fiye da shekara ɗari. Amma kamar sanda ce da aka soka cikin laka a bakin tafki don a ga ko ruwa na ƙaruwa: in sandar ta nitse da ɗan yatsa ɗaya, za a ce tafki ya ƙaru da ɗan yatsa ɗaya. Shi ya sa ma'aunin birnin Stockholm na Suwidin yake nuna teku yana ja baya shekara da shekaru, alhali ƙasar wurin ce ke ɗagowa tun bayan narkewar ƙanƙarar da ta danne ta dubban shekaru da suka wuce.

Don a raba gardama, sai an samu wurin tsayawa da ba ƙasa ba, ba kuma ruwa ba. Taurarin ɗan'adam ne suka samar da shi, domin suna kewaya duniya ne bisa tsakiyar nauyinta, babu ruwansu da ko wani tsibiri yana hawa ko yana sauka. Ana auna tsayin ruwa daga tsakiyar duniya, a auna tsayin ƙasa daga wannan tsakiyar dai, sannan a haɗa lissafi.

Ɓangaren ruwa ya fi sauƙin bayani. Tun watan Agustan 1992, da Amurka da Faransa suka harba tauraron TOPEX/Poseidon, akwai na'urar rada da ke shawagi a nisan kilomita 1,336 daga doron ƙasa. Tana jefo sigina kan teku, ta ƙirga lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, kuma tana sake bi ta kan layin da ta bi duk bayan kwana goma. Jason-1 ya karɓi aikin daga 2001, Jason-2 daga 2008. Da yake an san inda tauraron yake a kowace daƙiƙa, sai a cire nisan da rada ta auna daga tsayinsa, abin da ya rage shi ne tsayin teku.

Ɓangaren ƙasa shi ne mai cin rai. GPS ɗin da ke wayar hannu yana iya kuskure da 'yan mitoci, wanda ya ishi mai neman hanya, amma nan ana neman motsin da bai wuce kaurin ɗan ƙaramin yatsa ba a shekara. Taurarin GPS ɗin dai su ne, waɗanda ke nisan kusan kilomita 20,200. Bambancin yana wajen na'urar karɓa da yadda ake lissafi. Na'urar masu awon ƙasa ba ta tsaya ga karanta saƙon da ke cikin siginar kawai ba, tana bin zangon igiyar siginar kanta, mai tsawon kusan santimita 19, tana auna ɗan gutsuren zango. Tana kuma sauraron sigina biyu a lokaci guda, don a cire jinkirin da saman sararin samaniya ke jawowa. Sauran jinkiri, wanda tururin ruwa a iska ke haddasawa, sai an ƙiyasta shi a cikin lissafi, kuma a tsibiri mai zafi da laima irin na Torres ba ƙarami ba ne. Bayan haka a ɗaura awon a jikin tashoshin duniya da aka san matsayinsu sarai, bisa ma'aunin bai-ɗaya da ake kira ITRF. Duk da haka awon tsayi ya fi awon gabas da arewa rauni sau biyu zuwa uku, don taurarin duk a sama suke, babu wanda ke aiko sigina daga ƙarƙashin ƙasa da zai daidaita lissafin.

A fili kuwa aikin bai da wani kwarjini. Ana huda dutse mai ƙwari a kafa ƙusar ƙarfe, ita ce alama. Safiyo ya girka ƙarfe mai ƙafa uku a kanta, ya ɗora eriya daidai saitin tsakiyar ƙusar, ya sa tef ya auna tsayin eriyar daga kan ƙusa, ya sake aunawa, ya rubuta a littafi. Sai a haɗa batir a bar na'urar tana sauraron sama kwana da kwanaki. In ya yi kuskuren santimita ɗaya wajen karanta tef, ya ƙirƙiro wa tsibirin motsin shekara guda wanda bai faru ba. Bayan shekaru wani zai zo, wataƙila da wata eriyar daban, ya nemo ƙusar cikin ciyawa ya sake aikin. Sa'ar da aka yi a Torres ita ce masu nazarin motsin ƙasa sun riga sun auna wurin tun ƙarshen shekarun 1990, kafin kowa ya yi maganar gudun hijira, don haka akwai abin da za a kwatanta da shi a 2009.

Abin da awon ya nuna

Daga 1997 zuwa 2009, teku a kewayen tsibiran ya hau da milimita 150, da yiwuwar kuskuren milimita 20 sama ko ƙasa. A daidai wannan lokacin, tsibiran sun nitse da milimita 117, da yiwuwar kuskuren milimita 30. In aka haɗa, mutumin da ke bakin gaɓa ya ga ruwa ya matso sama da kusan santimita 27 cikin shekara 12, kuma kusan rabin wannan ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa ce ta sauka. Nitsewar kusan santimita ɗaya ke nan a kowace shekara.

Dalilin nitsewar yana ƙarƙashin teku, yamma da tsibiran. A nan ne faifan ɓawon duniya da ke ɗauke da Ostireliya yake kutsawa ƙarƙashin faifan da Vanuatu ke zaune a kansa. Ba ya shiga salin-alin. Fuskokin biyu sukan cije da juna, na ƙasa ya ci gaba da nitsewa yana jan bakin na sama zuwa ƙasa a hankali, shekara bayan shekara. Tsibiran Torres suna kusa da wannan bakin, shi ya sa ake jan su. Ranar da cijewar ta ɓalle, girgizar ƙasa ke nan, kuma a cikin 'yan daƙiƙu ƙasa tana iya yin tsalle sama ko ta rufta ƙasa, gwargwadon inda tsagewar ta auku da yadda ta auku.

Hakan kuwa ya faru sau biyu, a farkon shekarun da aka auna da kuma ƙarshensu. Ranar 21 ga Afrilun 1997 an yi girgizar ƙasa mai ƙarfin da ya haura maki 7.5 kusa da tsibiran, ta sauke wasu sassan gaɓar da ɗaruruwan milimita a tashi ɗaya. Daga nan ne ruwan gishiri ya samu hanyar shiga gonar kwakwar Loh. Sannan a farkon Oktoban 2009 aka yi manyan girgiza uku a jere cikin ɗan abin da ya haura awa ɗaya, kowacce ta wuce maki 7, suka ɗaga wurin da ake aunawa da kusan santimita 20. Wato abin da ƙasa ta yi shekara 12 tana saukewa, safiya ɗaya ta mayar da shi har da ƙari. Masu binciken sun nuna cewa waɗannan motsin na farat ɗaya sun fi dukkan canjin da aka gani a hankali a tsakaninsu girma, shi ya sa suka yanke cewa motsin tsibiran kansu ne ya fi rinjaye a abin da mutanen wurin suka gani.

Akwai wani abu kuma da duwatsun tsibiran ke faɗa. Jikinsu hawa-hawa ne na tsohon dutsen murjani, wanda a ƙarƙashin ruwa kaɗai yake tsirowa, amma ga shi yau a kan tudu. Ke nan in aka duba dubban shekaru, tsibiran ɗagowa suke yi. Nitsewar da GPS ya kama wani ɗan yanki ne na zagayen da ke tsakanin girgiza da girgiza. Wanda ya ɗauki santimita ɗaya a shekara ya ninka sau ɗari ya ce nan da ƙarni guda Tegua zai nitse da mita ɗaya, shi ma ya yi kuskure, kamar dai wanda ya ɗora komai a kan ɗumamar yanayi.

Santimita 15 ɗin da teku ya hau ma yana buƙatar a dube shi da kyau. In aka raba shi da shekara 12, ya haura milimita 12 a shekara. A wancan lokacin matsakaicin hawan teku a duniya baki ɗaya kusan milimita 3 ne a shekara, wato abin da bai fi santimita 4 ba a tsawon shekarun. Ina sauran ya fito? Teku ba shimfiɗe yake daidai ko'ina ba. Iskar da ke kaɗawa daga gabas a tsakiyar Fasifik tana tura ruwa yamma tana jibge shi a wajen Vanuatu da tsibiran Solomon. Lokacin El Niño, wani sauyi da kan zo wa tekun Fasifik bayan 'yan shekaru, iskar takan yi rauni, ruwan ya koma gabas, teku ya sauka a yamma. Shekarar 1997 zuwa 1998 an yi El Niño mai tsanani ƙwarai, don haka awon ya fara ne daga lokacin da teku yake ƙasa. Bayan nan iskar ta ƙara ƙarfi na tsawon shekaru, ruwa ya yi ta taruwa a yamma. Saboda haka a cikin santimita 27 ɗin nan akwai abubuwa uku a cakuɗe: hawan tekun duniya, jujjuyawar iska da ruwa ta yankin, da nitsewar tsibiri. Ga kuma girgizar 1997 a gefe, wadda ba ta ma shiga wannan jimillar ba.

Me ya sa wannan ya dame ni

Akwai masu ɗaukar irin wannan bincike su ce ga shi nan, ashe batun hawan teku ƙarya ne. Binciken bai faɗi haka ba, kuma lambobinsa ba su yarda da haka ba. Rada ta ga teku ya hau a Torres, kuma kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya kiyasta cewa tekun duniya ya hau da kusan santimita 20 tsakanin 1901 da 2018, gudun kuma yana ƙaruwa. Girgizar ƙasa tana saukewa tana ɗagawa, iska tana kai ruwa tana dawo da shi, amma wannan kason na duniya hanya ɗaya yake bi. Shi ne ƙarami a lissafin Torres na waɗancan shekaru, amma shi ne ba ya komawa baya.

Damuwata tana wani wuri. Idan aka gaya wa mutane cewa matsalarsu ruwa ne mai hawa a hankali, shawarar da za su yanke ita ce su ɗan ja da baya, su kuma ɗauka suna da shekaru a gaba. Idan kuwa aka gaya musu suna zaune ne a bakin inda faya-fayen ƙasa biyu ke cije da juna, tambayoyin sun canza: nawa ne tsayin wurin da za mu koma daga teku, ina hanyar gudu zuwa tudu in ƙasa ta girgiza da dare, ina za a gina makaranta da ɗakin shan magani? Igiyar tsunami ba ta ba da wa'adin shekara goma. Mutanen da aka kai sunansu Montreal sun cancanci a gaya musu wannan kafin a kai sunan nasu ko'ina. A ganina hakkin farko da ke kan duk mai son taimakon al'umma irin wannan shi ne ya auna kafin ya raɗa wa matsalar suna, ko da sunan da yake hannu ya fi saurin jawo tallafi.

Tarihin wurin ma yana da abin cewa. Kakannin mutanen Torres a kan tuddai suke da ƙauyukansu, cikin tsibiran. Saukowa bakin ruwa ta biyo bayan zuwan Turawa ne: cututtukan da suka rage yawan jama'a ƙwarai, jiragen da ke kwasar 'yan ƙwadago zuwa gonakin rake na Queensland da Fiji, 'yan mishan, da cinikin kwakwa wanda sai a gaɓa ake yinsa. Patricia Siméoni, masaniyar labarin ƙasa da ta yi aiki tare da Ballu, ta bi wannan ɓangaren na ƙaurace-ƙauracen jama'a, suka wallafa shi da Faransanci a 2012. Ba ina nufin zaman tudun da aka yi a da duk saboda tsoron teku ba ne. Abin lura shi ne, zaman bakin ruwa a waɗannan tsibirai bai daɗe ba in aka kwatanta da tsawon zagayen girgizar ƙasa, don haka ƙauye yana iya yin shekaru masu yawa lafiya a wurin da tun asali bai da tabbas.

Awon kansa yana da iyaka, masu binciken ma sun nuna ta a lambobinsu. Kuskuren milimita 30 a kan 117 ba kaɗan ba ne: nitsewar tana iya zama santimita 9, tana iya kaiwa kusan 15. Awon zuwa a dawo bayan shekaru yana ba da jimilla ne kawai, ba ya nuna ko ƙasar ta sauka daidai wa daida kowace shekara ko kuwa ta yi sauri bayan girgizar 1997 sannan ta lafa. Alama ɗaya a dutse ɗaya ba ta wakiltar kowane lungu na tsibirai da yawa. Rada kuma a tsakiyar teku ta fi aiki, in ta matso gaɓa ƙasa takan gurɓata siginar, layukanta kuma suna da tazarar kusan kilomita 300 a tsakaninsu a wannan yanki. Duk da haka, ko an ɗauki mafi ƙanƙantar adadin, hukuncin bai sauya ba: ƙasar ta sauka, kuma saukar ta fi kason hawan tekun duniya na waɗannan shekaru nesa ba kusa ba.

Maganin wannan rauni sananne ne. A kafa eriyar GPS ta dindindin kusa da ma'aunin gaɓa, a auna bambancin tsayin da ke tsakaninsu a kai a kai, a bar su suna aiki ba yankewa. Aƙalla sai an tara awon shekara biyu da rabi kafin a fara amincewa da gudun motsin, saboda ƙasa kanta tana ɗan hawa da sauka da damina da rani. Shirin GLOSS na hukumar UNESCO, mai sa ido kan tsayin teku a duniya, yana neman a yi haka a manyan tashoshinsa, cibiyar SONEL da ke La Rochelle a Faransa kuma tana tattara bayanan. A Vanuatu akwai ma'aunin zamani a Port Vila, babban birnin ƙasar, tun 1993, amma ya fi kilomita 500 daga Torres, kuma a ƙasa irin wannan kowane tsibiri da nasa motsin.

An ga amfanin irin wannan haɗin a wani wuri a daidai wancan lokacin. Ranar 29 ga Satumban 2009, kwana takwas kafin girgizar da ta ɗaga Torres, wata mai ƙarfin maki 8.1 ta auku kusa da Samoa da Tonga, tsunami ya biyo baya ya hallaka mutane kusan 190. A Pago Pago, babban garin Samoa ta Amurka, akwai ma'aunin gaɓa tun ƙarshen shekarun 1940, akwai kuma tashar GPS ta dindindin, don haka an ga abin da ya biyo baya kwana bayan kwana. Kafin girgizar, tsibiran Samoa suna nitsewa ne da milimita 1 zuwa 2 a shekara. Bayanta, binciken da Shin-Chan Han da abokan aikinsa suka wallafa a 2019 ya nuna nitsewar ta koma milimita 8 zuwa 16 a shekara, saboda dutsen da ke can ƙarƙashin ɓawon duniya yana ci gaba da malala a hankali don ya daidaita da girgizar. A Samoa ta Amurka hakan ya sa ruwa ya riƙa hawa a bakin gaɓa da gudun da ya ninka matsakaicin hawan tekun duniya kusan sau biyar, kuma lissafinsu ya nuna nitsewar za ta ƙara santimita 30 zuwa 40 a cikin wannan ƙarni, ban da abin da ɗumamar yanayi za ta kawo.